Bazarar da Goggo Ardith Ta Shiga Daji

Goggo Ardith Koskela ta shekara saba'in a yankin Orick. Daga ƙofar gidanta zuwa itatuwan redwud, waɗanda mutane ke tasowa daga ƙasashen duniya don su gani, bai fi tafiyar minti goma a mota ba. Amma ba ta taɓa shiga cikinsu da ƙafarta don kallo ba sai a bazarar 2005. Ni na raka ta. Sunana Lorraine, ni 'yar ƙanenta ce, kuma a lokacin motar 'yan makaranta nake tuƙawa, don haka kowace shekara ina da hutun wata biyu da rabi.

A sansanin masu saran itace aka haife ta, can bayan Klamath. Kakana, wato mahaifinta, daga Finland ya zo, da gatari ya fara aiki kafin zarton inji ya iso. Tana da shekara goma sha biyar ta shiga ɗakin girkin sansanin, inda ake ciyar da maza tamanin sau uku a yini. A nan ta haɗu da Toivo Koskela, wani dogon mutum marar magana, wanda ƙarar zarto ta riga ta kashe masa kunne ɗaya. Aikinsa kayar da manyan itatuwa ne. Itace ɗaya yakan ci masa yini guda, don sai an fara gyara masa shimfiɗa ta ƙasa mai laushi da katafila, in ba haka ba idan ya faɗi sai ya tarwatse, katakon ya lalace. Sun yi aure, suka sayi ƙaramin gida a Orick, suka haifi ɗa guda, Wendell.

A 1978 gwamnati ta faɗaɗa gandun dajinta, ya haɗiye tuddan da Toivo yake aiki a kansu. Aka daina sara. An yi wa ma'aikata tayin tallafi da koyon sabuwar sana'a, Toivo ya ce shi ya tsufa da zaman aji. Ya tafi Alaska ya ci gaba da sara a wani daji da bai sani ba. A shekararsa ta biyu a can, wani busasshen reshe ya karyo daga sama ya same shi a ka. A akwati aka dawo da shi.

Goggo ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da ta faɗa a ranar jana'iza, kuma ta ci gaba da faɗa shekara da shekaru, shi ne da an bar shi a dajin da ya sani, da yana nan. A wurinta gandun dajin ne ya kashe mata miji, shi da mutanen da suka yi ta fafutukar a kafa shi.

Cikin mutanen nan akwai wanda ta sani ido da ido: Malam Desmond Farrow, malamin kimiyya da ya koyar da Wendell. Daga kudu ya zo, daga San Jose, shi ne mai rubuta wasiƙu a jarida da yawon neman sa hannun jama'a. Tun daga jana'izar Toivo ba ta sake amsa gaisuwarsa ba. In sun haɗu a kanti sai ta juya ta duƙufa karanta rubutun jikin gwangwanin wake har ya wuce. A garin da mutanensa ba su kai ɗari huɗu ba, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma ta riƙe shi shekara ashirin da biyar.

Ta sami aiki a wani masaukin matafiya mai ɗaki goma sha biyu a bakin babbar hanya. Ita ce wanki, ita ce shara, ita ce gyaran gado. Duk baƙin da take wanke wa zanin gado kallon itatuwa ya kawo su, kuma da bazara suka fi zuwa, shi ya sa ba ta taɓa sanin hutun bazara ba. In baƙo ya tare ta yana tambayar ta ina ake bi zuwa manyan itatuwa, sai ta nuna masa da haɓa ta ce, "Bi hanyar nan. In ka ji wuyanka ya fara ciwo, ka iso."

A watan Maris na 2005 ta faɗi a ɗakin wanki da kwandon tawul a hannu. Aka kai ta asibiti a Eureka, aka buɗe mata jijiyar zuciya da ta toshe. Likita ya ce aikin ya ƙare, kuma kullum ta yi tafiyar awa ɗaya a ƙasa. Wendell ya zo daga Redding ya ce ta koma wurinsa. Ta ce ita ba gurasa ba ce da za a kai ta a gasa, don zafin Redding ba na mutane ba ne.

Ta fara tafiyar, amma a gefen babbar hanya, inda manyan motoci ke wucewa kamar za su ɗauke ta. Wata safiya a farkon Yuni na gan ta daga cikin motata, iskar wata tirela ta tura ta har ta dafa allon hanya. Da rana na je gidanta.

"Goggo, likita ya gyara miki zuciya, ke kuma kina neman tirela ta ƙarasa ki?"

"Ke dai kula da 'ya'yan mutanen da kike ɗauka."

"Ga daji can, hanyoyi a share, babu mota ko ɗaya. Ranar Juma'a za mu yi hutu. In raka ki."

"Dajin da suka ƙwace? Ƙafata ba za ta taka shi ba."

Na bar maganar, don na san halinta. Bayan kwana goma, ƙarfe bakwai na safe, sai ga wayarta.

"Kin tashi, ko har yanzu kina kwance kamar gungume?"

"Na tashi, Goggo."

"To zo ki ɗauke ni. Shekara ashirin da huɗu ina wanke wa mutane zanin gado, kowa ya ce hutu ya zo. Ni ma bana na ɗauki hutu. Zan je in ga abin da suke ta buɗe baki suna kallo."

Na same ta a ƙofa da wandon aikinta, da jar rigar ulu ta Toivo da ta kai mata gwiwa, da sandar da ta cire daga jikin tsohuwar tsintsiya. A jakarta akwai fulas na kofi, da burodin nisu irin na mutanen Finland da ta toya, da ƙyafaffen kifin salmon da maƙwabciyarta 'yar ƙabilar Yurok take ba ta. Haka ta yi ta shiri duk tsawon bazarar, ba ta taɓa sauya komai ba sai takalmi.

Ranar farko gajeriyar hanya muka bi, mil ɗaya da rabi. Hazon teku ya cika dajin, yana ɗiga daga rassa kamar yayyafi. Baƙin da muka tarar duk raɗa suke yi wa juna, kamar a coci. Goggo ta tsaya a gaban itacen farko, wanda gindinsa ya fi motar makarantata faɗi. Ba ta ɗaga kai ba. Ta zagaya shi a hankali, tana duba inda ya karkata, sannan ta ce da ƙarfi:

"Wannan can za a kwantar da shi, wajen gangaren nan. Amma ruɓaɓɓe ne a ciki, dubi ɓawonsa. Toivo ba zai ɓata man zartonsa a kai ba."

Wata mata mai kyamara ta juyo ta kalle ta kamar ta yi ashar a wurin ibada. Na ja hannun Goggo.

"Goggo, a hankali mana."

"Me na yi? Itace ne. Barci yake yi da zan tashe shi?"

Haka ta yi wa kowane itace a ranar. Wannan gida nawa zai gina, wancan ya fi ƙarfin zarto ɗaya. Da muka zo kan wani da wuta ta ƙone gindinsa ya zama kogo, ta shiga ciki ta tsaya, ta ce a irinsa kakata take kwanar da kajinta a sansani, an yi masa ƙofa da langa-langa. Sai da muka kusa fita ta zauna a kan benci, ta cire hula, ta jingina, ta kalli sama. Ta daɗe a haka. Da ta sauke kai sai ta ce, "To, suna da tsawo. Wannan kam ba ƙarya." Muka koma gida.

Washegari ta sake kira. Kafin ƙarshen Yuni mun saba: kwana biyar a mako, mu fita da safe, mu dawo da azahar. Daga mil biyu ta kai uku, daga uku ta kai biyar. Kumburin ƙafarta ya sauka. Ta fara kula da abubuwan da ba na sarewa ba. Dodon koɗin nan marar kwanso, rawaya kamar ayaba, wanda ke jan ciki a kan hanya, sai ta sa sanda ta kawar da shi gefe tana yi masa faɗa wai ba shi da hankali. Wata rana garken elk, manyan barewan nan namu, suka tare mana hanya da 'ya'yansu. Na ce mu koma. Ta ce ba inda za ta, ta zauna a kan wani gungume ta buɗe fulas. Minti arba'in muka yi kafin suka ga dama suka matsa.

A makon farko na Yuli muka ci karo da Malam Farrow. Ya daɗe da yin ritaya, shekarunsa saba'in da shida, yana aikin sa kai a gandun, yana zagayawa da baƙi. Mun same shi tsaye da mutum kamar goma sha biyu a gaban wani ƙaton kututture, yana yi musu bayanin yadda aka sare mafi yawan tsohon dajin cikin shekara ɗari. Na yi niyyar mu wuce ta baya. Goggo ta tsaya. Wani baƙo ya tambayi mene ne ramukan da ke jikin kututturen. Malam Farrow ya ce nan ake kafa katakon da masu sara ke hawa, don gindin ya yi musu kauri da yawa.

"Ba kauri kaɗai ba," in ji Goggo daga baya. "Itacen ƙasa-ƙasa nauyi ne da shi, in an jefa shi a ruwa nutsewa yake. Kuma a gangare kake, ina za ka tsaya? Ubana ya yini a kan katakon nan, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, ƙasa tana can nesa."

Duk suka juyo. Malam Farrow ya cire tabarau ya mayar.

"Sannu, Uwargida Koskela. Na gode da gyara."

"Ba da kai nake ba. Da su nake."

Ta wuce abinta. A mota ta ce mini ya tsufa, ya rame kamar sandar tsintsiyarta. Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji ta yi a kansa.

A tsakiyar Agusta ta ce akwai inda take so mu je. Tudu ne a saman rafin Redwud, wurin da Toivo ya yi saransa na ƙarshe. Wata Lahadi a 1977 ya taɓa kai ta can a motar aiki ya nuna mata. A ranar babu komai a tudun sai kututture da jar ƙasa. Ta ce ta tambaye shi, shi ke nan haka wurin zai zauna? Ya ce mata a'a, daji ne, dawowa yake yi, nan da shekara talatin ba za ta gane an taɓa shi ba.

Tafiyar mil huɗu ce da ɗan ɗori daga inda ake ajiye mota, sai an tsallaka rafi, sannan a hau wata tsohuwar hanyar motocin gungume da ciyawa ta rufe. Na ce ya yi mata yawa. Ta ce ai ba ni za ta goya ba. Ranar Asabar muka tafi. A wurin ajiye motoci mun ga Malam Farrow a ƙarƙashin rumfa da teburinsa na taswirori, don Asabar nan yake zama. Ya ɗaga hannu. Ni kaɗai na amsa.

Da tsakar rana muka iso. Tsohon daji da haskensa ya ƙare kamar an ja layi, muka shiga wani wuri mai duhu. Itatuwa ne sirara, yawancinsu ma ba redwud ba, sun cunkushe har mutum ba ya iya miƙa hannu biyu. Bayan sara an watsa iri daga jirgin sama, duk suka fito tare, babu wanda ya sami sararin girma. Ƙasa babu ganye kore ko ɗaya, sai matattun rassa. Ko kukan tsuntsu ba mu ji ba. A tsakaninsu ga manyan kututture nan sun yi baƙi.

Goggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A wajen na biyar ta sa na tallafe ta ta hau wani dutse, ta share gansakuka daga saman kututturen da hannun riga.

"Wannan hannun Toivo ne. Dubi yadda ya kwanta, kamar tebur. Sauran duk sai ka ga mataki a tsakiya. Shi ba ya barin mataki."

Tana murmushi ta faɗa. Sannan ta sauko ta zauna a gindinsa, ta dubi siraran itatuwan nan ta ko'ina.

"Shekara ashirin da takwas ke nan," ta ce. "Ba haka ya ce mini ba."

"Wataƙila da sauran lokaci, Goggo."

"Ke, ni 'yar daji ce, kar ki yi mini daɗin baki. Waɗannan ba girma suke yi ba, shaƙe juna suke." Sannan ta ce, "Ba ƙarya ya yi mini ba. Abin da aka gaya masa ya gaya mini. Zuba mana kofi."

Muka ci abinci a nan, muka kama hanyar dawowa. A gangaren da ke sauka rafi, ni da nake ta ce mata ta kula, ni na taka jiƙaƙƙen gungume. Ƙafata ta zame ta shige tsakanin duwatsu biyu, jikina ya tafi gaba. Na ji ƙarar da kunnena. Da na yi ƙoƙarin tashi sai duniya ta juya mini.

Goggo ta durƙusa ta kwance mini takalmi ta duba. "Ta karye," ta ce, kamar mai cewa ruwa ya tafasa. Ta samo itace biyu miƙaƙƙu, ta yaga tawul ɗin da ta naɗe burodi, ta ɗaure ƙafar tam. Ta ce a sansani ta ga an ɗaure wadda ta fi wannan muni. Wayata ba ta kamawa, kuma tun safe ba mu haɗu da kowa ba a wannan ɓangaren. Ƙarfe biyu ta wuce.

Ta cire rigar Toivo ta lulluɓe ni, ta ajiye fulas kusa da hannuna, ta haɗiye ƙwayar maganinta, ta ɗauki sanda.

"Goggo, mil huɗu ne. Kin riga kin yi biyar yau. Zuciyarki fa?"

"Likita cewa ya yi in yi tafiya. Bai ce in zauna ina kallon ƙatuwar mace tana kuka ba."

"In kika faɗi a hanya, wa zai sani?"

"In na faɗi sai ki rarrafo ki same ni, mu zama biyu. Kar ki shanye kofin duka."

Na bi ta da kallo har ta tsallaka 'yar gadar katako ta ɓace. Awa huɗu na yi a bakin rafin nan. Na ƙirga duwatsu, na yi addu'a, na zagi gungumen. Wajen ƙarfe shida masu ceto su biyar suka iso da gadon ɗaukar majiyyaci mai taya ɗaya. Abin da na fara tambaya shi ne Goggo. Suka ce tana lafiya, tana can tana ba kowa umarni.

Abin da ya faru a wurin ajiye motoci daga bakin su biyun na ji, kuma labarin nasu bai zo ɗaya ba. Goggo ta ce ta iso da ƙarfinta ta ce masa, "Kai Farrow, ɗauki rediyon nan naka ka kira masu ceto, ka yi abin amfani yau." Shi kuma ya ce ta iso leɓenta ya yi fari, ta dafa teburinsa har taswirori suka zube, ta yi minti guda tana haki. A kan abu ɗaya suka yarda: da masu ceto suka zo ta ce za ta koma da su, suka hana, aka sa ta a motar Malam Farrow aka ce ya tsare ta. Ta ƙi a kai ta asibiti sai ta ga an fito da ni. Suka zauna su biyu a mota ɗaya kusan awa huɗu.

Ya ba ta ruwa, ta sha. Ita ta fara magana, tana kallon gilashin gaba.

"Na je tudun Toivo yau."

"Na san wurin."

"Ya lalace."

"Ya lalace. Akwai irinsa da yawa. Yanzu so ake a shiga a rage siraran nan, a bar wa redwud sarari. Matsalar ita ce samun masu sara da suka iya kayar da itace ba tare da sun ji wa na kusa da shi ciwo ba."

Ta juyo ta kalle shi. "Tsaya. Kun kori masu sara, yanzu kuma masu sara kuke nema?"

"Haka ne."

Daga baya ya gaya mini ta yi dariya har ya ji tsoron zuciyarta. Da ta lafa, shi ma ya faɗi tasa. Ya ce a taron da aka yi a makaranta a 1977 ya tashi ya ce baƙi za su kawo wa garin ayyukan da suka fi na katako. Ya yi imani da haka a lokacin. Ayyukan ba su zo ba.

"Na sani," in ji Goggo. "Wanda ya zo ni na yi shi. Zanin gado ne."

"Amma da ba a tsayar da saran ba, da duk inda kika bi bana ya zama kamar tudun nan. Wannan ban janye ba."

"Wa ya ce ka janye? Ni ma ban janye tawa ba."

Da aka fito da ni rana ta kusa faɗuwa, na same su a tsaye a bakin mota suna musu a kan wace shekara aka yi babbar ambaliyar da ta cinye gadar Klamath. Ita ce da gaskiya.

An sa mini ƙarfe a idon sawu, aka ce mako takwas ba taka ƙasa. Wendell ya bugo waya yana faɗa, ya ce in uwarsa ta sake shiga daji ita kaɗai zai zo ya kwashe ta da kayanta. Ta yi kwana uku a gida tana zagaye tsakar gida kamar kaza a keji. A rana ta huɗu ta zo ta zauna a bakin gadona.

"Ba ni lambar mutumin nan."

"Wane mutum, Goggo?"

"Kar ki raina mini hankali. Siririn."

Daga ranar har ruwan farko ya sauka a ƙarshen Satumba, da Malam Farrow take tafiya. Mutanen gari sun yi magana, musamman tsofaffin abokan aikin Toivo da ke zama a shagon kofi. Ɗayansu ya ce mata ashe ta koma wajen masu rungumar itace, wato masu hana sara. Ta ce masa shi da ko matakalar coci ba ya iya hawa sai ya huta sau biyu, ya zo ya raka ta in ya isa. Babu wani abu tsakaninta da Malam Farrow sai tafiya da gardama. Bai daina ce mata Uwargida Koskela ba, ba ta daina ce masa Farrow ba. Yakan gaya mata sunayen tsirrai na boko, ta ce sunan ya fi ciyawar tsawo. Ita kuma ta koya masa duba saman itace kafin ya tsaya a ƙarƙashinsa, abin da ya ce shekara arba'in yana yawo a dajin bai taɓa yi ba.

Ta ƙara bazara bakwai tana tafiya, wani lokaci da ni, wani lokaci da shi. An yi mata tayin rigar masu aikin sa kai, ta ƙi. Amma in yana zagayawa da baƙi takan bi su a baya, in ya gama nasa ta ɗora nata: yadda ake gyara wa itace shimfiɗa, abin da maza tamanin ke ci da safe, sunayen waɗanda dajin ya kashe. Ta ba da hotunan kakana da na Toivo aka kwafa aka rataye a ɗakin karɓar baƙi na gandun, bisa sharaɗin a rubuta sunan kowa a ƙasan hotonsa. Ban taɓa jin ta ce gandun dajin ya yi daidai ba. In an tambaye ta sai ta ce itatuwan suna da kyau, mijinta ma yana da kyau.

Ciwon huhu ne ya ɗauke ta a Fabrairun 2013, bayan kwana tara a asibiti. Zuciyar ba ta sake ba ta matsala ba. Ranar jana'iza ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mutum talatin da wani abu suka zo. Malam Farrow ya zo da sandar ƙarfe, ya zauna a bencin baya. Da faston ya ce ko akwai mai magana, ya tashi ya ce ya san marigayiya shekara arba'in, ta yi masa magana a takwas daga ciki, kuma a cikin takwas ɗin bai ci gardama ko sau ɗaya ba. Tsofaffin masu saran nan uku da suka rage suka yi dariya, ya zauna.

An binne ta kusa da Toivo. Wendell ya sayar da gidan ga wasu ma'aurata daga Sacramento da ke zuwa hutu. Malam Farrow ya koma Oregon wurin 'yarsa a shekarar da ta biyo, can ya rasu. Ni na bar tuƙi a 2016, yanzu ina Arcata tare da jikokina.